Ranar da ƙ ta fita daban a akwatin rubutu

Talata. Tun da sassafe na zauna gaban kwamfuta da niyyar gama akwatin rubutu na manhajar da nake haɗawa, inda mutum zai iya ƙara wa kalma kauri, ya karkata ta, ko ya canza mata launi. RichTextBox nake aiki da shi, wato akwatin rubutu da ke cikin Windows Forms, kayan haɗa manhaja na Microsoft. Na ɗauka aikin awa biyu ne, sai da rana ta faɗi na tashi.

Matsalar farko laifina ce. Na sa maɓallin da zai rage tazarar da ta yi yawa tsakanin kalmomi, ya mayar da rubutun ta hanyar Text, ɗaya daga cikin ma'ajiyar rubutu biyu na akwatin. Ina dannawa, duk adon ya goge, jan kanun nan ya koma baƙi. Ashe Text haruffa zalla yake riƙewa, adon kuwa a ɗaya ma'ajiyar, Rtf, yake zaune, wadda ke ajiye rubutu da adonsa a tsarin RTF. Na koma zaɓar gurbi da SelectionStart da SelectionLength, wato farkon gurbin da tsawonsa, ina taɓa abin da aka zaɓa kaɗai, sai komai ya zauna.

Abin da ya cinye min yini shi ne ƙ. Na rubuta "ƙarƙashin ɗaki" don gwaji, na ƙara girman shafin, sai na ga ƙ ɗin biyu sirara ne, sun ɗan ɗaga sama da 'yan uwansu, kamar baƙi a cikin layi. Salon haruffan da na zaɓa ba shi da masu lanƙwasa, don haka akwatin ya aro su daga wani salon bai faɗa min ba. Na buɗe fayil ɗin RTF na rubutun a Notepad, manhajar da ke nuna haruffa zalla, in ga cikinsa. Ga \b na kauri, ga \fs24 wanda ke nufin girma 12, domin rabi-rabi ake ƙirgawa. A gurbin ƙ kuwa \u409? na tarar, a gurbin ɗ \u599?. Lambarsu ce a Unicode, tsarin da ya ba kowane harafi lambarsa, alamar tambayar kuma ita ce abin da tsohuwar manhaja za ta nuna idan ba ta gane su ba. Ba mamaki, Microsoft ta fito da RTF a 1987, Unicode kuwa sai 1991.

Daga nan na gane dalilin wata matsalar kuma: maɓallin kauri yana rufe manhajar. Idan abin da aka zaɓa ya ƙunshi salo biyu, SelectionFont, wanda ke faɗin salon haruffan da aka zaɓa, ba ya dawo da komai, ni kuma ban yi tanadin hakan ba.

Abokin aikina ya leƙo ya ce, "Malam, mayar da su k da d kawai mana, ai kowa zai gane." Raina ya ɗan sosu. Na rubuta masa baki da baƙi, kasa da ƙasa, na ce ya duba. Mai rubutu da wannan akwatin yana da haƙƙin ganin harshensa yadda yake, ba a datse ba.

Na koma salon haruffa na Noto Sans, na gwada ɓ, ɗ, ƙ, ƴ da manyansu ɗaya bayan ɗaya, da kauri da karkace, duk suka tsaya daidai a layi. Sai dai dole in haɗa salon cikin manhajar, don ba kowace kwamfuta ke da shi ba. Maɓallin kauri kuma yanzu gutsure-gutsure yake bin rubutun, shi ya sa allon ke ƙyaftawa idan shafi ya yi tsawo. Da wannan zan fara gobe, in sha Allah.