Kafin ka rabu da Windows, fara sauya manhajojin da kake aiki da su

Tun da Microsoft ta kawo ƙarshen kula da Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, tambayar da na fi sha a wurin aiki ita ce ta komawa Linux, babbar manhajar kwamfuta da ke iya maye gurbin Windows. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Windows 11 tana neman guntun tsaro na TPM 2.0, kuma a ɓangaren Intel sai ƙarni na 8 zuwa sama take karɓa, alhali yawancin kwamfutocin da ke shagunan buga takardu da makarantunmu na hannu ne, waɗanda suka girmi wannan sharaɗi. Lafiyarsu ƙalau, suna aiki, an dai rufe musu ƙofa ne kawai.

Aikina saka manhaja ne da gyara, kuma abin da wannan aiki ya koya mini shi ne ba wanda ke kewar Windows ita kanta. Wanda aka ɗora wa Linux Mint, ɗaya daga cikin nau'o'in Linux, cikin yini guda ya gane inda ake kunnawa da kashewa, don an tsara fuskarta kusan yadda ya saba. Abin da ke dawo da mutum da safe rai a ɓace shi ne Word ɗinsa, ko Corel ɗinsa na zane, ko firintar da ta ƙi motsi. Shi ya sa duk wanda ya ce in sauya masa, nakan bar masa Windows ɗinsa tukuna. Sai in saka masa LibreOffice ta rubuta takardu, da Firefox da VLC, da GIMP ta gyaran hoto a kai, tunda dukkansu suna da na Windows, in ce ya je ya yi makonni yana aikinsa da su. Idan ya jure, ranar da aka sauya babbar manhajar ba zai ji wani baƙunci ba. Idan kuwa ya kasa, mun huta, ba a goge komai ba.

Ba ni na ƙirƙiro dabarar ba. Jihar Schleswig-Holstein ta Jamus, da ta sanar a 2024 cewa za ta raba kwamfutoci kusan 30,000 da kayan Microsoft, da LibreOffice ta fara, ta bar Linux a matsayin mataki na gaba. Birnin Munich kuwa, wanda ya shafe shekaru a kan nasa Linux mai suna LiMux, majalisarsa ta kaɗa ƙuri'ar komawa Windows a 2017, kuma cikin koke-koken da aka yi ta yi har da wahalar musayar takardu da sauran ma'aikatu.

Takardun nan su ne gaba da komai. LibreOffice, wadda ta ɓalle daga OpenOffice a 2010, tana buɗe fayilolin Word da Excel da PowerPoint, tana kuma adana su a tsarinsu. Amma ɗalibi zai kawo kundinsa na kammala karatu a filash, a buɗe, sai a ga babi na biyu ya faro daga tsakiyar shafi, jadawali ya tsallaka gaba, lambobin shafi sun saɓa da na ƙunshiya. Mai buga takardu sai ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, wannan abin naka ba ya yi." Mafi yawan lokuta ba manhajar ba ce, nau'in haruffa ne. An rubuta kundin da Times New Roman ko Calibri, su kuma ba sa zuwa da Linux, sai kwamfuta ta ari wani nau'in da faɗin haruffansa ya bambanta. Ɗan bambancin da ido ba ya gani a layi guda, idan ya taru a shafi 80 sai ya ture komai. Maganin yana da sauƙi. Akwai nau'o'in da aka ƙera da awo ɗaya da na Microsoft: Liberation Serif a madadin Times New Roman, Liberation Sans a madadin Arial, Carlito a madadin Calibri, Caladea a madadin Cambria. Da an saka su, yawancin shafuka sai su koma mazauninsu. Bayan haka nakan shiga saituna in sa Writer, wato Word ɗin LibreOffice, ta riƙa adanawa a docx, tsarin Word, kai tsaye, don kada a tura wa malami fayil ɗin odt, tsarin LibreOffice, ya rasa yadda zai yi da shi. Abin da za a buga kuwa, ko a aika ma'aikata, a mayar da shi PDF kafin ya bar kwamfutar. Wanda duk da haka ransa bai kwanta ba, OnlyOffice ta fi kama da Word a ido, kuma docx ne tsarin da take aiki da shi tun asali.

Masu rubutu da Hausa suna da ƙarin abin dubawa. Linux tana da allon rubutun Hausa a cikin saitunanta, na Najeriya da na Ghana, ba sai an sauke komai ba. Sai dai ba kowane nau'in haruffa ke ɗauke da ƙ da ɗ da ɓ ba, shi ya sa wani lokaci za ka ga harafin ya fito daban a tsakiyar kalma kamar baƙo a gidan biki. Noto da Charis SIL suna da su cif.

Sauran kayan yau da kullum ba su da wani dogon labari. VLC dai VLC ce ko'ina. Firefox da Chrome duk akwai, mutum ya tabbatar kawai ya san kalmomin sirrinsa kafin a goge, don da yawa kwamfuta ce ta haddace musu. Tura hotuna daga waya, wanda aka saba yi da Xender, LocalSend ko KDE Connect suna yi ba tare da cin data ba.

Inda nake taka burki shi ne wurin masu zane. CorelDRAW na yanzu ba ta da na Linux, haka ma Photoshop. Za a ce maka ga Inkscape a madadin Corel, ga GIMP a madadin Photoshop, kuma gaskiya ne suna da ƙarfi, musamman GIMP 3.0 da ta fito a Maris 2025. Inkscape ma takan buɗe fayil ɗin cdr na Corel, ko da yake wani lokaci rubutu da inuwa sukan jirkice. Amma mai yin katin ɗaurin aure da kalanda ba shi kaɗai yake aiki ba. Madaba'ar da zai kai wa aikin cdr take jira, da launukan bugu na CMYK, fannin da Inkscape ba ta yi nisa a cikinsa ba, sai an haɗa da Scribus, manhajar tsara shafukan bugu. Ana iya gwada Wine, wadda ke tafiyar da wasu manhajojin Windows a kan Linux, sai dai ba zan ɗora abincin mutum a kan abin da yau ya yi gobe ya ƙi ba. Irin wannan nakan ce masa, "Alhaji, kai dai zauna inda kake, a nemi kuɗin sabuwar kwamfuta."

Na'urori kuma ba a yi musu alkawari da baki. Manhajar Ventoy tana ba ka damar zuba Linux a filash ka tayar da kwamfuta daga nan ba tare da taɓa abin da ke ciki ba. A nan nake jona firinta in buga shafi, in gwada sikana, in ga ko Wi-Fi ya kama. Firintocin HP galibi suna tashi saboda akwai HPLIP, direban HP na Linux, wato manhajar da ke haɗa firinta da kwamfuta. Waɗanda suka fi ba da ciwon kai su ne wasu tsofaffin ƙananan firintoci da na'urorin ɗaukar zanen yatsa da ake rajista da su, don sau da yawa direbansu na Windows ne kaɗai.

Data ma abin lissafi ce. Fayil ɗin Linux Mint ya kusa gigabait 3, kuma a ma'ajiyar manhajojinta za ka ga abu guda sau biyu, na tsarin kansa da na Flatpak, wata hanya daban ta saka manhajoji. Na Flatpak ya fi sabunta, amma karon farko yakan jawo ɗaruruwan megabait na kayan da yake dogara da su. Mai sayen data da kuɗin aljihunsa ya fara da na tsarin. Kafin in miƙa kwamfuta nakan kunna Timeshift, manhajar da ke ajiye kwafin tsarin kwamfutar, don idan sabuntawa ta zo da matsala, ko wuta ta ɗauke ana tsaka da yi, a iya komawa yadda ake jiya. Hotuna da takardu dai ba ta adana su sai an ce ta yi, su a kwafe su daban.

A shagon da ke da kwamfuta huɗu ko biyar, tsarin da na ga ya fi zama lafiya shi ne a bar guda a kan Windows saboda Corel da rajista, a rage mata shiga intanet, a mayar da sauran Linux. Filashin kwastoma kuma a fara soka shi a na Linux ɗin, inda ƙwayar cutar nan mai ɓoye fayiloli ta bar gajerun hanyoyi (shortcut) ba ta iya tashi, a kwashe takardun, sannan a wuce da su wurin bugawa.