Yadda na shiga gidan kaina da naira 180,000 a asusu

Shekara tara na yi ina haya a Ɗorayi, ciki biyu da falo. Duk lokacin da wa'adin haya ya matso sai barci ya ƙaurace mini, domin na san mai gida zai aiko ɗansa da saƙon ƙari. Da saƙon ya zo a ƙarshen 2022, uwargida ta dube ni ta ce, "Baban Ummi, haka za mu ƙare, muna gina wa wani?" Na kasa ba ta amsa. Abin da ke asusuna a ranar naira 180,000 ne, ko kwatan fili ba za su saya ba.

Wani abokin aikina na sashen albashi ne ya ce in ɗauko takardar albashina, ya ɗora yatsa a kan haruffa uku: NHF. Shekara 11 ana cire mini kashi 2.5 cikin 100 na tushen albashina, ni kuwa ina lissafa su cikin kuɗin da suka bi ruwa. Ashe asusun gidaje ne na ƙasa da aka kafa tun 1992, a hannun bankin lamunin gidaje na tarayya, FMBN. Wanda ya yi wata shida yana zubi yana iya neman lamuni a kan kuɗin ruwa kashi 6 cikin 100, ya biya cikin shekarun da za su iya kaiwa 30, amma ta hannun wani bankin lamunin gidaje mai lasisi ake nema. A ƙa'idar da na tarar, lamunin da bai wuce miliyan 5 ba babu kafin alƙalami, daga nan zuwa miliyan 15 kuwa sai ka ajiye kashi 10.

Gidan miliyan 5 mai cikakkiyar takarda ban same shi a Kano ba. Na miliyan 10 na nufa, wato sai na kawo miliyan ɗaya. A nan fansho ya fitar da ni kunya. A watan Satumba na 2022 hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, ta fitar da ƙa'idar da ta ba ma'aikaci damar amfani da abin da bai wuce kashi 25 na asusun fanshonsa ba a matsayin kafin alƙalamin gida, muddin ya yi wata 60 ana zuba masa. Asusuna ya haura miliyan 4, kashi 25 ɗinsa ya isa. Kuɗin ba su biyo ta hannuna ba, daga kamfanin fansho suka wuce banki. Na san abincin tsufana na gutsura, amma tsufa a gidan haya ya fi ba ni tsoro.

Maganar ruwa ce ta fi tsaya mini a rai. Yayana da ya ji ya ce, "Kai yanzu riba za ka shigo mana da ita gida?" Na ce, "Yaya, ban yanke ba tukuna." Na je wajen malamai biyu. Na farko ya ce in nisance shi ko da kashi ɗaya ne. Na biyu ya daɗe yana tambayata halin da nake ciki, ya yi mini bayanin lalura da iyakokinta, ya ce in fara duba bankunan da ba sa mu'amala da ruwa. Na duba, tsarinsu na ijara (haya har gida ya zama naka) da murabaha (banki ya saya ya sayar maka da ribar da aka sani) ya kwanta mini, sai dai abin da zan riƙa biya duk wata ya fi ƙarfin albashina, saboda shekarun biyan ba su da yawa. Na ɗauki na NHF, kuma har yau ina istigfari a kai. Ba fatawa nake ba kowa ba. Wanda zai bi sawuna ya fara zuwa gaban malaminsa kafin ya je banki.

Inda na sha wuya ta gaske shi ne takarda, abin da ban taɓa kawo shi a lissafi ba. Mu a Kano mun saba cinikin gida da dillali da shaidu da sa hannun mai unguwa, a yi addu'a a watse. Banki bai san wannan ba. Satifiket na gwamnati yake so, wanda ake ce wa C of O, ga kuma amincewar gwamna da dokar filaye ta 1978 ta wajabta kafin a jinginar da gida. Na ga wani gida a Rijiyar Zaki wanda har uwargida ta zaɓi ɗakin yara, ashe filin awon igiya ne, takardar dagaci kawai gare shi. Na biyu yana da satifiket, amma da sunan mamaci, magada takwas, biyu ba sa ga maciji da sauran. Kuɗin lauya da na ƙiyasta darajar wannan gida haka suka tafi. Daga nan na koyi in ce wa dillali, "Alhaji, kafin mu hau babur, turo mini hoton takardar." Da dama ba su sake kirana ba. Na uku, ta wajen Mariri, sai da aka bincika shi a KANGIS, hukumar da ke riƙe da bayanan filayen Kano, aka tabbatar ba jingina ba rigima sannan na kai iyali su gani.

Sai kuɗaɗen gefe: lauya, mai ƙiyasi, inshora, hatimi, rajistar jingina, la'adar dillali. Sun tasam ma naira 700,000, kuma fansho ba ya biyan ko sisi a ciki. Kwasar adashen ofis na karɓa, uwargida ta sayar da sarƙarta ta aure a kasuwar Rimi ba tare da na roƙe ta ba. Wannan bashi ne da ba ya cikin takardar banki, kuma shi nake so in fara saukewa.

Wata 14 aka yi kafin kuɗi su fito. Ana cikin jira aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, siminti da rodi suka tashi, mai sayar da gidan ya ce ya fasa sai an ƙara. Laifina ne, domin yarjejeniyarmu ba ta faɗi tsawon lokacin da zai jira ba. Surukina ne ya je ya zauna da shi har sau biyu, aka daidaita a kan ƙarin 500,000 da zan biya a hankali. Da zan sake, zan gaya wa mai sayarwa tun ranar farko cewa kuɗin banki ba kuɗin hannu ba ne, a rubuta wa'adi, kowa ya sa hannu.

Yanzu ana cire mini wajen naira 61,500 duk wata a kan miliyan 9, har shekara 22, daidai lokacin da zan yi ritaya. Ƙa'ida ita ce kada biyan ya wuce kashi ɗaya cikin uku na albashi, nawa ya tsaya ƙasa da haka kaɗan. Watannin farko mun ji jiki, nama ya koma na ranar Juma'a, ga hanya ta ƙara nisa zuwa wajen aiki. Gidan ma ba filasta a katangar waje, rijiyar kuma sai an ƙara mata zurfi kafin bazara. A makon da muka tare Ummi ta ɗauki gawayi ta rubuta sunanta a bangon tsakar gida. Na ɗaga murya zan ce mai gida zai yi faɗa, sai na tuna, na bar ta ta ƙarasa.