Faifan naka ne, makullin yana hannun wani

Aikinmu a ɗan kamfanin nan shi ne ceto abin da ke cikin tsofaffin faya-fayan CD da DVD kafin su lalace. Yawancin masu kawo mana aiki ofisoshi ne da makarantu da masu ɗaukar hoto. Muna kwashe kowane faifai ɗungurungum mu mayar da shi fayil guda, ta yadda ko faifan ya karye gobe, kwamfuta za ta buɗe fayil ɗin tamkar faifan aka zura mata. Wannan mai sauƙi ne. Ciwon kan yana wajen kwastoman da ya riga ya yi wa kansa kwafi tun shekarun baya, ya watsar da faya-fayan, yanzu ya zo da rumbun ajiya cike da fayilolin da suka ƙi buɗuwa.

A wancan zamanin kowace manhajar kwafar faifai da irin nata fayil. Nero na fitar da NRG, Alcohol 120% na fitar da MDF da MDS, CloneCD kuma guda uku take haifarwa a lokaci ɗaya, CCD da IMG da SUB. Ga DAA na PowerISO, ga UIF na MagicISO. Duk da haka tun 1988 akwai tsarin ISO 9660 da aka amince da shi a duniya, kuma fayil ɗin ISO kowa na iya karanta shi. Windows ma tun fitowar Windows 8 a 2012 take buɗe shi da kanta, ba sai an ɗora komai ba.

Abin haushin shi ne, in ka leƙa cikin yawancinsu, ISO ɗin ne dai aka sauya wa riga. NRG na faifan bayanai zalla, sau da yawa bayit 307,200 ne kawai aka jibga a gabansa da ɗan bayani a ƙarshe. Ka yanke na gaban, sauran ya buɗu. DAA kuwa ISO ne da aka matse aka yayyanka. Amma mai fayil bai san haka ba. Shi dai an ce masa sai ya sayi lasisi, kuma akwai manhajar da sigarta ta gwaji ba ta yarda ka sarrafa fayil ɗin da ya wuce megabayit 300, alhali CD guda na ɗaukar 700.

Wani akawu ya taɓa tsayawa a kaina yana kallon allo, ya ce, "Malam, takardunmu ne fa, mu muka rubuta su. Don me za mu biya kafin mu gani?" Ban ba shi amsa ba, na dai juya masa su zuwa ISO.

Kayan aikinmu yanzu duk na kyauta ne, kuma kowa na iya duba yadda aka rubuta su. Akwai nrg2iso da mdf2iso da ccd2iso, sai daa2iso da uif2iso da Luigi Auriemma ya rubuta. A Linux, wato tsarin sarrafa kwamfuta na kyauta irin su Windows, muna amfani da CDemu, wadda ke buɗe ire-iren fayilolin nan da dama ba tare da an juya su ba. Faifan da ya karce kuwa sai ddrescue: tana fara kwashe inda ke da lafiya, ta rubuta wuraren da suka gagara, sannan ta koma kansu a hankali. Ko wuta ta ɗauke, daga inda ta tsaya za ta ci gaba.

Sai dai a yi adalci, ba duka ne don neman kuɗi aka ƙirƙiro su ba. ISO na da iyakarsa. Kowane yanki na CD bayit 2,352 ne, ISO kuwa 2,048 kawai yake ajiyewa, kuma ba ya ɗaukar layin sauti, wato sashen faifan da ke ɗauke da murya ko kiɗa. Don haka faifan koyon harshe ko na tsohon wasan kwamfuta, mai bayanai a farko da sauti a baya, in ka yi gaggawar mayar da shi ISO, zai buɗu lafiya lau amma muryoyin sun tafi, kuma babu abin da zai faɗakar da kai. Shi ya sa nake hana yaran aikina juya kowane fayil kafin su duba layi nawa ke ciki. Irin wannan faifan BIN da CUE muke yi masa. BIN ɗin shi ke ɗauke da bayanan da sautin duka, CUE ɗin kuma rubutu ne zalla, mutum zai iya buɗewa ya karanta da idonsa inda kowane layi ya fara.

Ƙa'idarmu ke nan: abin da zai fita daga hannunmu ISO ne ko BIN da CUE, tare da lambar tantancewa ta SHA-256 da ke nuna ko fayil ya sauya, da ainihin fayil ɗin da aka kawo, ba mu taɓa shi ba. Wanda har yanzu ba mu da maganinsa shi ne fayil ɗin da aka kulle da kalmar sirri mai ƙarfi, wanda ya kulle kuma ya bar aiki tuntuni. Irin wannan sai dai mu ce wa kwastoma ya je ya nemo mutumin.