Lahadi, bencin baya

Hazo da sanyi tun asuba. Sujadar Hausa ta fara a makare, mawaƙa kuwa sun yi ƙoƙari, har Inna ta tashi ta taka. Da magatakarda ya karanta lissafin makon jiya, sai jikina ya yi sanyi: benci huɗu na ɓangaren mata babu kowa.

Bayan an tashi na tare Baba Dattijo a gindin mangwaro. Na ce, "Baba, Maman 'yan biyu fa? Tun Ista ban gan ta ba." Ya ce, "'Yata, ai tana ƙarƙashin horo." Na ce har yaushe? Ya gyara hula, ya ce sai maigidanta ya zo an zauna. Mutumin da ya tare da wata a Bukuru!

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya ke nan. Horon coci yana da tsari. Dattawa su ji ta bakin kowa, a sanar a gaban ikkilisiya, a dakatar da mutum daga Jibin Ubangiji (cin gurasa da shan ƙoƙo don tunawa da Yesu) da kowane muƙami, ya koma bencin baya. Sai a yanka lokaci, wata uku ko shida, a ba shi wanda zai riƙa ziyartarsa yana yi masa gargaɗi, ranar da ya cika a maido shi a gaban jama'a kamar yadda aka fitar da shi. Rabin farko mun iya shi sarai. Na biyun ne ke mutuwa, domin a maganar kisan aure sharaɗin komowa yakan rataya a wuyan wanda ya riga ya tafi. Ita da ta zauna da yara, ita ke ɗaukar kunyar. Ba a ba ta rana ba, ba a naɗa mai ziyara ba. Galatiyawa 6:1 a Littafi Mai Tsarki kuwa cewa ta yi a komo da mutum cikin tawali'u.

Ga talauci kuma. Kuɗin wata na zumuntar mata, zanen anko, baikon gini, gudummawar biki. Mai sayar da tumatir a Farin Gada ba za ta ce ba ta da shi ba, ƙafa kawai za ta ɗauke.

Baba ya ce zai kai maganar zaman dattawa. Bai dubi idona ba.

Gwate da rana, gishiri ya yi yawa. Wuta ba ta zo ba.

Ranar Talata ni da Inna za mu hau Tudun Wada wurin Maman 'yan biyu da mudu biyu na acca.