Monita da Wutar Gida Su Suka Zaɓa Mini Kayan Kwamfutar Wasa

Duk wanda ya tara kuɗi zai haɗa kwamfutar wasa mai ƙarfi karon farko, sunan katin hoto, wato abin da ke zana hoton da monita ke nunawa, yake fara ambata. Lokacin da na tashi haɗa tawa, bayan na jima ina gyaran na mutane a shagon ogana a Kano, na kai masa takardar kayan da na rubuto. Ko duba ta bai yi ba, ya ce, "Kai yaro, wace monita za ka jona mata? Kuma wace irin wuta gare ku a gida?" Amsar tambayoyin nan biyu ce ta yanke kusan duk abin da na saya.

Monita ce ke faɗa wa kati yawan aikin da zai yi. Mai 1080p ɗigo miliyan 2 da 'yan kai gare ta, mai 1440p kusan miliyan 3.7, ita kuwa 4K ta haura miliyan 8, wato ninki huɗu na ta farkon. Kowane ɗigo sai kati ya zana shi, kuma ya sake zanawa sau 60 ko 144 ko 240 a daƙiƙa ɗaya, gwargwadon saurin monitar. Na ga mutum ya sa RTX 4090, babban katin kamfanin Nvidia, a bayan tsohuwar monitar ofis da ba ta wuce 60 ba. Katin na ta fitar da hotuna ɗaruruwa, idonsa kuwa 60 kawai yake samu, sauran sun tafi a kuɗin wuta. Irin wasan ma da tasirinsa. Mai buga Counter-Strike 2 ko Valorant ya fi buƙatar furosesa mai kuzari da monita mai sauri, mai son Cyberpunk 2077 da duk ƙyale-ƙyalen haskensa shi ne zai zuba kuɗi a kati. Wanda kuwa ƙwallo ce kaɗai harkarsa, FIFA ɗin da ta koma EA Sports FC a 2023, gaskiya matsakaicin kati ya ishe shi har ya yi saura. Ni a 1440p na tsaya, nan take jerin katunan da nake dubawa ya ragu.

A wajen furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, aikin shago ya koya mini daina ƙirga ƙwayoyin sarrafawa da ke raba aiki a cikinsa. Ryzen 7 7800X3D da AMD ta fitar a 2023 ƙwayoyi 8 ne kawai gare shi, amma a wasanni da yawa ya sha gaban waɗanda suka ninka shi ƙwayoyi da tsada. Sirrinsa ma'ajiyar gaggawa ce mai megabait 96 a jikinsa, wadda ke rage masa zirga-zirgar ɗauko bayanai daga RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfuta, abin da wasa yake yi ba dare ba rana. Magajinsa 9800X3D ya biyo baya a Nuwamban 2024 a kan tsarin nan dai. Mai haɗa bidiyo kan iya amfana da ƙwayoyi 16, mai wasa zalla ba sosai ba.

Sai dai sayen furosesa kamar aure ne, ba ita kaɗai ka ɗauka ba, har da danginta. Da ka zaɓe shi ka zaɓi madabod, wato babban allon da ake jona komai a jikinsa, ka zaɓi irin RAM. Mazaunin furosesa a madabod, AM5 na AMD, wanda ya fito a 2022, RAM irin DDR5 kaɗai yake karɓa, kuma kamfanin ya ce zai ci gaba da yi masa sabbin furosesa har aƙalla 2027. Wanda ya gabace shi, AM4, tun 2016 yake, mutane suka yi ta canja furosesa a madabod ɗaya shekara da shekaru. Mazaunin LGA1700 na Intel ya ɗauki zubin furosesa uku, na 12 zuwa na 14, daga nan aka koma LGA1851 a 2024. Ga wanda Naira ke narkewa a hannunsa kafin ya sake tarawa, tsawon ran mazauni ba ƙaramin lissafi ba ne.

RAM ba ta da dogon zance: gigabait 32, sanda biyu, a rami na biyu da na huɗu in ka ƙirgo daga furosesa. Abin da ake mantawa shi ne shiga BIOS, wato shafin saitin madabod, a kunna EXPO, ko XMP a ɓangaren Intel, don RAM ta yi cikakken gudunta. Kwamfutoci nawa aka kawo mana da RAM mai gudun 6000 tana tafiya a 4800, mai ita bai taɓa sani ba. SSD kuma, wato ma'ajiyar da wasanni ke zama, mai PCIe 4.0 ta wadatar. Gara ka ƙara girma da ka ƙara gudu, tunda wasa ɗaya yanzu kan cinye fiye da gigabait 100.

Inda na fi daɗewa shi ne wuta, domin nan ne shawarar masu bidiyon gwaji na Amurka da Turai take daina yi mana aiki. RTX 4090 kaɗai wat 450 yake ja, Nvidia ta ce a ba shi fawa fak, wato akwatin da ke raba wa kayan ciki wuta, mai 850. RTX 5090 da ya fito a Janairun 2025 ya kai wat 575, ana nema masa mai 1000. Tambarin 80 Plus Gold da ake nuna maka a kwali ba shaidar inganci ba ce, yana faɗin yadda fawa fak ke rage asarar wuta ne kawai. Abin dubawa shi ne ko an yi shi a kan tsarin ATX 3.0 ko 3.1, wanda aka tsara don jure fizgar wutar da manyan katuna ke yi farat ɗaya. Akwai kuma wayar wutar katin nan mai baki 16 da ta yi ta narkewa a jikin wasu 4090 a 2022. Binciken Nvidia ya ɗora yawancin laifin a kan rashin tura ta har ƙarshe, daga baya aka gyara fasalin bakin. Ranar da na jona tawa sai da na haska fitilar waya a wurin, na danna har na ji ta yi ƙas, na tabbatar ko farce ba zai shiga tsakanin robobin biyu ba, sannan na bar wa wayar sarari kafin ta lanƙwasa.

Duk wannan cikin akwati ne. A waje kuma akwai NEPA. Injin da ke jan wat 600 ya cinye yunit 3 na mita a zaman awa biyar. Ƙaramar UPS ɗin ofis, wato na'urar batir da ke riƙe inji in an ɗauke wuta, mai 650VA ba za ta riƙe shi ba, domin VA ba wat ba ne, abin da take iya ɗauka bai kai lambar da ke jikinta ba. Ana buƙatar babba, mai fitar da wuta lafiyayya irin ta layi, ba mai kwaikwayo ba, don wasu fawa fak na zamani kan mutu da zarar an juya su kan irin waccan. Kuma duk wat ɗin da inji ya ja, zafi yake komawa a ɗakin da kake zaune. Masu gwaji a ɗaki mai sanyin AC suke aunawa, mu kuwa a Afrilu garin kan haura digiri 40. Da na haɗa lissafin nan sai na sauko da katin mataki ɗaya, rarar kuɗin ta tafi ga UPS da fankoki. Ban taɓa jin giɓin a wasa ba.

Kesin ma, wato akwatin kwamfutar, zafi da ƙura ne suka zaɓe shi. Mai gilashi a gaba ya fi kyau a hoto, mai raga ya fi shan iska. Na sa fankokin da ke shigo da iska sun fi masu fitarwa yawa, kowace da matatarta, don kada ƙurar hunturu ta riƙa kutsowa ta kowace kafa, sannan na ɗora shi kan tebur maimakon ƙasa. A auna tsawo kuma, manyan katuna sun haura santimita 30, wasu na neman 35. Shafin PCPartPicker zai gaya maka idan madabod da furosesa ba su dace ba, amma bai san watan Afrilu ba.

Kayan hannu kuwa na raba su biyu. Kesin da RAM ba na jin tsoron na hannu. Fawa fak sai sabo dal, a kwalinsa. Kati in na hannu ne, a jona shi nan shagon a sa masa wasa mai nauyi ya ɗau zafi a gabanka. Madabod kuma, tunda AM5 da na Intel duk a jikinta siraran fil ɗin suke, a cire murfin mazaunin a karkata ta ga haske. Fil ɗaya in ya kwanta zai yi ƙyalli daban da 'yan'uwansa, kuma da wuya mai shago ya karɓa in ka riga ka fita da ita.