Godiya ga waɗanda suka sauko da ni daga Chappal Waddi

Assalamu alaikum warahmatullah. Jiya likita ya cire min ɗaurin ƙafa, yau da asuba na taka da 'yar sandata har masallacin unguwarmu, karon farko cikin mako shida. Alhamdulillahi. Tun ina kwance nake juya wannan saƙo a raina, domin akwai mutanen da bashin godiyarsu ke wuyana. Wasu za su karanta, wasu kuwa ko waya ba su riƙe, sai dai Allah ya isar musu. Ba zan kira sunan kowa ba, haka muka yi da abokan tafiya, amma kowa zai gane kansa.

Da yawa kun ji labarin rabi da rabi, har wasu sun bugo wa Hajiyarmu waya suna jajen wai na faɗo daga kan dutse. Ga yadda abin ya kasance. Mu bakwai muka bar Katsina da sanyin hunturu, da niyyar hawan Chappal Waddi, wanda ake kuma kira Gangirwal. Shi ne dutsen da ya fi kowanne tsawo a Najeriya, mita 2,419, yana jihar Taraba kan iyaka da Kamaru, cikin gandun dajin Gashaka Gumti. Muka bi ta Kano da Gombe da Numan zuwa Jalingo, ba ma tafiyar dare, don wannan ne sharaɗin da iyaye suka gindaya. A Serti, inda ofishin gandun dajin yake, muka karɓi izini. Daga Mayo Selbe mota ta fara nausawa sama tana kewaya tsauni har muka fito tudun Mambila, muka kwana a Nguroje. Washegari 'yan acaɓa suka kai mu ƙauyen ƙarshe da babur ke iya zuwa. Daga nan sai ƙafa, kowa da jakarsa a baya, da tanti da bargo da kilishi da garin kwaki da ƙuli-ƙuli da dabino.

Wanda ya tashi a Katsina, inda ido ke cin nisa ba abin da ya tare shi sai bishiyar darbejiya, ba zai gane wannan ƙasa ba sai ya je. Tudu ne bayan tudu, duk ciyawa ta lulluɓe su, a cikin kwazazzabai kuma kurmi mai duhu da ruwa na gudu a ƙarƙashi. Jagoranmu ya ce ruwan nan duk gangarawa yake ya haɗu da kogin Taraba, shi kuma ya zuba a Binuwai. Muna ganin mun san sanyi a gida, ashe ba mu san shi ba. Daren farko raɓa ta jiƙa tanti sharkaf, da asuba muka ɗora ruwan alwala a kan risho kafin mu iya taɓa shi. Amma ban taɓa jin daɗin jam'i kamar wanda muka yi a wurin nan ba, mu tara har da jagora da jami'in gandun daji, gajimare na ƙasa da mu.

A yini na biyu, wajen la'asar sakaliya, muna tsallaka wani rafi, na taka dutse mai gansakuka da nauyin jaka a bayana. Ƙafar dama ta shige tsakanin duwatsu biyu, jikina ya juya, ita ba ta juya ba. Na ji ƙarar da kunnena. Kafin a cire min takalmi idon sawun ya kumbura suntum. Ba sabis ɗin waya, ba hanyar mota, kuma saura tafiyar safiya ɗaya mu kai ƙololuwa.

Godiyata ta farko bayan ta Allah tana ga jagoranmu, ɗan wannan yanki. Bai ruɗe ba, bai kuma bar mu mun ruɗe ba. Ya sa ƙafar cikin ruwan rafin mai sanyi, ya yanko sanduna biyu ya daidaita su, ya naɗe da rawanin ɗaya daga cikinmu. Da wani ya ce a ja ƙafar ko targaɗe ne, ya hana, ya ce ba a jan abin da ba a san cikinsa ba. Daga baya da aka ɗauki hoton ƙashi a Jalingo aka ga tsagewa ce, likitan ya ce hanawar nan ta taimake ni ƙwarai. Jagoran ne kuma ya san akwai ruga a bayan tudu na gaba. Abokaina suka riƙa goya ni bi da bi, mutum ɗaya ya goya, biyu su tallafa, sauran su raba jakunkuna. Tafiyar da mai lafiya zai yi cikin rabin awa ta ci mu har bayan isha'i, da hasken tocila.

Mutanen rugar nan ban san yadda zan gode musu ba. Baƙi tara suka faɗo musu cikin dare, ba sanarwa. Dattijon gidan, da muke ce wa Baffa, ya fito da fitila, ya dubi ƙafata, bai tambaye mu daga ina ba sai da aka shimfiɗa min tabarma kusa da wuta. Ya tashi ɗansa daga bukkarsa ya ba ni gadon. Inna, matarsa, tsohuwa mai ƙaramin jiki, ta kawo nono mai ɗumi cikin ƙwarya, ta tsuguna ta riƙe min ƙwaryar don hannuna na karkarwa. Hausarta kaɗan ce, ni kuma Fulatancina bai wuce gaisuwa ba. Abin da take maimaitawa kawai shi ne "Sannu, ɗana. Sha." Cikin dare zazzaɓi ya rufe ni, na farka na ga ta ƙara min nata bargon, ita tana zaune bakin ƙofa da mayafi ɗaya. Har yanzu in na tuna wannan sai idona ya ciko.

Sai abokina na yarinta, wanda muka yi makarantar allo tare. A kansa nake so in daɗe, don na san shi, ba zai taɓa ba da wannan labari da bakinsa ba. Tafiyar nan tasa ce. Shekara biyu yana shirya ta. Shi ya kafa mana adashin da muka sayi tantuna, shi ya nemo jagora, shi ke tashe mu kowace Asabar mu zaga gari da jaka a baya don jiki ya saba. Da gari ya waye aka yi shawara cewa biyar su ƙarasa hawan tare da jami'in gandun daji da jagora, su dawo da yamma, tunda dai dokin da Baffa ya aika a kamo sai washegari zai iso. Ana bukatar mutum ɗaya ya zauna da ni. Kafin kowa ya buɗe baki ya ajiye jakarsa ya kwance igiyar takalminsa. Na roƙe shi, na ce don girman Allah ya tafi, ga Baffa ga Inna, ba abin da zai same ni. Ya ce, "Dutse na nan, ba inda za shi. In Hajiya ta tambaye ni wa na bar ka da shi, me zan ce mata?"

Daga ƙofar bukkar ana hango kan dutsen tas idan hazo ya yaye. Ina kallonsa yana ɗaga kai lokaci-lokaci, sai ya mayar da ido kan butar shayi. Shi ya yi ta ɗaga ni in zan kewaya, shi ya kawo min ƙasa na yi taimama, shi ya wanke min kayan da suka ɓaci da taɓo. Da sauran suka dawo suna nuna hotuna, ya fi kowa murna, ya karɓi wayar yana ta tambayar yadda wurin yake. A hoton da kuka gani na ƙololuwa mutum biyar ne, wanda ya haɗa tafiyar ba ya ciki, kuma ga dalilin. Ɗan'uwana, Allah ya saka maka da mafificin alheri, ya ji ƙan mahaifinka, ya raya maka zuri'a.

Washegari aka ɗora ni kan doki, ɗan Baffa na riƙe da linzami, muka kwana ɗaya a hanya kafin mu kai inda babura ke jira. Da za mu rabu muka haɗa kuɗi muka miƙa wa Baffa. Ya mayar da hannunsa baya, ya ce baƙo na Allah ne. Muka matsa, ransa ya fara ɓaci, sai muka bari. Sukari da ganyen shayi da suka rage mana kaɗai Inna ta yarda ta karɓa. "Mi yetti" ita ce kalmar godiyar da jagora ya koya min, na yi ta faɗinta har muka sha kwana.

Ina godiya ga jami'in gandun dajin da ya ɗauki jakata a kan tasa, da ɗan acaɓan da ya yi ta lallaɓawa da ni a kan hanya mai duwatsu, da direbanmu da ya cire kujera don in miƙe ƙafa tun daga Nguroje har gida. Haka ma likitoci da ma'aikatan jinya na Jalingo da na nan Katsina. Ina neman afuwar Hajiya kan kwanakin da ta yi ba ta ji muryata ba, na san addu'arta ce ta yi ta bin mu. Mai ɗakina ta yi jinya mako shida ba ta taɓa ce min "ai na faɗa maka" ba, Allah ya yi mata albarka. Maƙwabta, jama'ar masallaci, abokan aiki da suka riƙe min aikina, da waɗanda suka taso daga Daura da Funtuwa da Kano don dubiya, na ga kowa, Allah ya bar zumunci.

Roƙo ɗaya nake da shi. Mun haɗa ɗan saƙo, barguna biyu da turmin atamfa da fitila mai caji da hasken rana, muna so ya isa rugar nan kafin damina ta ɓata hanya. Jagoranmu ya ce in kayan suka kai Nguroje zai hau da su da kansa. Duk wanda ke da tafiya wajen Mambila cikin watan nan, ko ya san direban da ke zuwa, don Allah ya yi min magana.