Yadda na koma ɗaukar hoton takin zamani da farasitamol a maikuroskop

Ni dai aikin lab nake a wani ƙaramin asibitin kuɗi, shekara tara kenan kullum idona na cikin maikuroskop, daga jinin maleriya sai fitsari sai bahaya, har abun ya zame min kamar kallon bango. Kiristal kuwa, wato ƴan ƙwayoyin da sinadari ke daskarewa ya zama masu fasali kamar na gishiri, ba baƙona bane, duk wanda ya taɓa duba fitsari ya san waɗannan ƴan ƙananan masu kama da ambulan ɗin wasiƙa, ka gansu ka rubuta a takarda ka ɗauko na gaba. Ko sau ɗaya bai taɓa zuwa raina cewa abun kallo bane.

Wani dare ina kwanan aiki ba kowa, ina ta latse-latsen waya sai na faɗa kan hotunan gasar Nikon Small World, gasa ce ta hotunan maikuroskop da ake yi duk shekara tun 1975. Daga nan na bi wani hoto zuwa wani har na tsaya kan guda ɗaya, kala kala sai kace an baje atamfa a Kantin Kwari, a ƙasa an rubuta wai bitamin C ne. Nace haba, bitamin C ɗin da muke ba yara? Na buɗe durowa na ɗauko ƙwaya ɗaya fara, na daka na jiƙa na ɗiga a silaid, ɗan gilashin nan da ake ɗora abun dubawa a kai, na jira ta bushe, na leƙa. Wallahi ba komai sai wani farin dabbare-dabbare kamar busasshen koko a gefen kwano. Na kashe fitila nace dama na faɗa, fenti ne suka yi da kwamfuta.

Ashe ni ne ban san dawan garin ba. Sai da na kwana biyu ina karance-karance na gane cewa ba da hasken da muke duba jini suke yi ba, akwai wata leda mai tace haske guda biyu da ake sawa, ɗaya a ƙasa kan fitila, ɗaya a sama tsakanin silaid da idonka. Kuma abun dariyar ledar nan tana manne a jikin sikirin ɗin kowace tsohuwar waya da kalkuleta. Na je Farm Centre wajen masu gyaran waya nace a bani matattun sikirin, yaron shagon ya dube ni yace "Yallaɓai waɗannan fa sun mutu murus, ba abun da za su maka", nace eh gawar nake so. Ya haɗo min guda biyar ko sisi bai karɓa ba, ina jin dai tausayina yaji. Na ɓare ledar da reza, na goge gam ɗin da sifirit, biyu suka yage, uku suka fita lafiya.

Yadda abun yake shi ne, ledar farko bata barin haske ya wuce sai wanda ke kaɗawa ta fuska guda, kamar ka zura tsinken tsintsiya ta tsakanin haƙoran mataji. In ka ɗora ta biyu ka juya ta ta gicciye ta farko, sai komai yayi baƙi ƙirin, hasken da ya tsallake ƙofar farko ya tarar ta biyu a rufe. To amma in akwai kiristal a tsakaninsu sai ya raba hasken gida biyu, ɗaya na riga ɗaya sauri a cikinsa, wannan ɗabi'ar tun 1669 wani ɗan ƙasar Denmak mai suna Rasmus Bartholin ya lura da ita a wani dutse mai kama da gilashi da aka kawo daga Aisland, in ka ɗora shi kan rubutu sai ka ga rubutun ya zama biyu. Idan hasken nan biyu suka sake haɗuwa a ledar sama sai wasu kaloli su kashe juna, waɗanda suka tsira su ne kake gani. Kenan shi bitamin C ɗin fari ne fat, kalar ba a jikinsa take ba.

Ranar da na fara gwadawa, tsohon silaid ɗin nan da na raina shi na mayar, na juya ledar sama a hankali har fili yayi duhu, sai ga wasu da'irori sun taso kamar faya-fayen da ake rufe ƙwarya da su, zobe cikin zobe, ruwan ɗorawa da shuɗi da ja. Na ɗago kai na kalli ɗakin na sake leƙawa. Har masinjanmu na tasa daga barci nace zo ka gani, ya leƙa yace "Oga wannan cutar wa ye?"

Daga baya na sayi wani tsohon maikuroskop na makaranta hannun wani mai saida kayan lab, saboda bai kamata in riƙa wasa da na asibiti ba, na kai gida, nan ne hauka ta fara. Duk wani abu fari da ke gidan sai da na jiƙa shi. Na fara da gishiri tunda shi kowa ya sani da kiristal, ya fito da kyawawan murabba'ai kamar an jera bulo, ina gicciye leda sai suka ɓace, baƙi kawai. Kwana uku ina zargin ledar, har na sake ɓare wata, ashe gishiri ne halinsa haka, ginin cikinsa iri ɗaya ne ta kowace fuska don haka baya raba haske, ko shekara zaka yi ba zai baka kala ba. Suga kuma yana bada kala amma ɗan taurin kai ne, sai ya zauna yana danƙo kwana da kwanaki yaƙi daskarewa, kafin ya yanke shawara kiyashi sun riga ni. Farin magi ya bani wasu siraran allurai a baje kamar mafici, ba laifi.

Ƙwayoyin magani kuwa akwai wani tarko a ciki. Ƙwayar da kake gani ba zallar magani bace, akwai sitaci da sauran abubuwan da ake haɗawa don ta dunƙule, in ka daka ka ɗiga haka nan sai ka ga fili cike da ƴan dunƙule-dunƙule kowanne da baƙin gicciye a tsakiyarsa, sitacin kenan. Da farko sun burge ni har na ɗauke su hoto, daga baya suka zame min ƙarfen ƙafa. Dabarar da ta fisshe ni ita ce in daka farasitamol in zuba masa sifirit, maganin ya narke sitacin ya kwanta a ƙasa, in jira kamar rabin awa sannan in zuƙi na saman da sirinji.

Amma wanda ya fi bani mamaki duk cikinsu takin zamani ne, yuriya, irin wanda ake zuba wa masara. Ƙanina ya kawo min cikin ƙullin leda daga gona. Shi ba sai ka jiƙa ba, narkar da shi ake, yana narkewa a wajen digiri 133, farasitamol kuma sai ya kai wajen 169. Na fara da kyandir, silaid biyu suka fashe, na uku yayi baƙi da hayaƙi, takin kuma da ya sha wuta da yawa ya riƙa tashin wani wari mai hawa kai. Sai na tuna da dutsen guga, na kifa shi tsakanin bulo biyu ya zama murhu, in sa ƙwayar taki ɗaya tak a kan silaid in rufe da siririn murfin gilashi, da ta narke ta bazu sai in sauke. Cikin ƴan daƙiƙoƙi zaka ga yana tsirowa daga gefe yana cin fili kamar wutar daji, gashin tsuntsu gashin tsuntsu, wani wajen kamar ganyen dabino. Uwargida ta shigo ta tarar da dutsen gugarta a kife tace "Malam, wai yanzu takin ma sai an masa guga?" Washegari ta goge farar rigar makarantar ɗiyarmu ta fito da tabo, ranar na sha magana, ƙarshe dai sai da na sayi nawa dutsen daban. Kuma don Allah duk mai son gwadawa ya raba sifirit da wuta, ya buɗe taga.

Abun da ya ɗauke ni kusan wata shida kafin ya zauna min shi ne maganar kauri. Ni a tunanina in na zuba da yawa zan samu kala da yawa, ashe akasin haka ne. In shimfiɗar tayi kauri sai kalolin su dushe su koma fari-fari kamar wankakken zane, in tayi siranta sosai kuma sai toka-toka, daɗin yana tsakiya, inda yake tashi daga ruwan ɗorawa zuwa ja zuwa shuɗi zuwa kore, kuma bambancin da ke tsakanin wannan kalar da waccan bai kai kaurin gashin kai ba ko kusa. Masu ilimin duwatsu ma suna da wani jadawali na wani Bafaranshe Michel-Lévy da suke gane ma'adinai da shi ta wannan hanyar. Ni dai da na gane haka sai na koma danna murfin gilashin da gindin fensir tun yana da zafi, gefe ɗaya ya fi ɗaya siranta, sai ka samu kalolin sun jeru kamar bakan gizo. In kuma baka son baƙin fili, manna salatif a wani silaid ka sa shi ƙarƙashi kana juyawa, sai bayan hoton ya koma jaja-jaja ko shuɗi.

Yanayi ma yana da bakin magana. Da hunturu ɗigon yana bushewa nan da nan sai kiristal ɗin su fito ƙanana a cunkushe, ga ƙura, kai ƙurar hunturu maƙiyiyar wannan sana'a ce, duk zaren da ya faɗo sai ya haska a hoton kamar fitilar mota. Da damina kuma bitamin C sai ya ƙi bushewa, amma in ya yarda ya bushe ya fi bada manyan faya-fayai. Yanzu da rani nakan kifa kofi a kan silaid don ya bushe a hankali, wani lokacin in huro masa numfashi kaɗan ina kallo zoben da yake ginawa ya canza salo. Farasitamol da aka narkar kuwa yakan yi shiru kamar gilashi yaƙi yin komai, sai ka taɓa gefensa da bakin allura ko ka ɗan mayar da shi kan ɗumi sannan ya farka.

Ɗaukar hoton kansa ba wani abun kirki nake da shi ba, waya ce a bakin inda ake leƙawa, na haɗa mata mariƙi da guntun bututun roba da kyauro. Ƙaramin idon maikuroskop mai 4x ko 10x, wato mai ƙara girma sau huɗu ko sau goma, ya isa, manyan ba sa nuna fasalin. Ka sa taima don hannunka kar ya girgiza, ka kulle hasken kyamarar ka rage shi, in ba haka ba wayar zata ga duhu ta ƙara haske ta wanke maka kalar. Shi kenan.

Da na fara sawa a Facebook mutum na farko da yayi magana cewa yayi AI ne, na biyu yace edita ce, naji haushi sosai sai na tuna nima abun da na faɗa kenan a daren farko. Na ɗauki bidiyon yuriya tana tsirowa na sa, aka yi shiru. Wani abokina kuma ya kawo wadda ta fi wannan nauyi, yace to kai meye naka a ciki, ai ba kai ka zana ba. Gaskiyarsa, ban zana ba, halittar Ubangiji ce. Amma a silaid ɗaya akwai fili ɗaruruwa kuma mafi yawansu tarkace ne, sai na yi awa biyu ina zagaye kafin in samu kusurwa ɗaya da ta tsaya daidai, in juya silaid ɗin kaɗan kala ta canza, in ƙara juyawa wani reshe ya mutu wani ya taso, kuma in ya narke ko ya sha danshi ba zaka sake samun irinsa ba har abada. Wilson Bentley, wani manomi a ƙauyen Jericho na jihar Vermont a Amurka, tun 1885 ya fara ɗaukar hoton ƙwayar dusar ƙanƙara ta maikuroskop, ya ɗauki sama da 5,000 a rayuwarsa, shi ma ai bai zana ko ɗaya ba, tsayawa yayi cikin sanyi yana zaɓa. Shi kuwa Michael Davidson na jami'ar jihar Florida har a jikin nakatayal aka riƙa buga hotunansa na kiristal ɗin abubuwan sha ana saidawa a shekarun 1990.

Wannan labarin nakatayal ɗin ne ya sa na wanke hotuna shida na kai wa wani dattijo mai ɗinkin hula a unguwarmu, ban gaya masa ko menene ba. Ya sa tabarau ya jera su a tabarma ya daɗe yana kallo, ya ture huɗu gefe yace waɗannan hayaniya ce kawai, ya ɗaga na bitamin C yace "ɗana wannan wanda ya zana shi ya san aiki, amma ya cika zobe, allura ba zata bi ba." Sannan ya riƙe na yuriya, ya juya shi sama ya juya ƙasa, yace wannan zai hau hula in an rage kala zuwa uku. Nace Baba takin masara ne fa. Yace ko na gero ne, ka bar min shi nan, ka dawo bayan sallah ka kawo kuɗin zare.